Sabar ta ƙi tashi: tambayoyi da amsoshi kan binciken katin RAID

Duk shekara da zafin Afrilu ya kankama a Damagaram, wayata ba ta hutawa, kuma maganar kusan ɗaya ce: "Malam, sabar ta ƙi tashi, katin RAID ya ƙone, nawa ne sabo?" Sau da yawa in na je sai in tarar katin lafiyarsa lau, sharri ake masa. Tambayoyin nan na tattaro su ne daga bakin yarana na shago da abokan sana'a da ke kirana daga Magariya, Tanut da Maradi. Na rubuta amsoshin kamar yadda nake ba su a kan benci.

Maigida, wai mene ne aikin katin nan, da har in ya yi tari duk biro ya tsaya?

Ƙaramar kwamfuta ce a cikin babba. Yana da nasa furosesa, tasa ƙwaƙwalwa, tasa manhaja, galibi har da batir. Faya-fayan ajiyar bayanai na sabar, wato babbar kwamfutar da biro ke dogaro da ita, duk a hannunsa suke. Windows ko Linux ba sa ganin faya-fayai shida da ke jere a gaba, faifai guda suke gani, wanda katin ya ɗinka musu. In RAID 1 ne, abin da aka rubuta a ɗaya an rubuta a ɗayan. RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 yana jure biyu. Sunan RAID kansa ya fito ne daga wata maƙala da Patterson, Gibson da Katz na jami'ar Berkeley a Amurka suka fitar a 1988.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne wannan: bayanin yadda aka ɗinka faya-fayan, wane ne na farko, wane ne na biyu, ba a cikin kati kaɗai yake ba. An rubuta shi a jikin kowane faifai. Don haka mutuwar kati ba mutuwar bayanai ba ce. Yawancin bayanan da na ga sun salwanta, hannun mai gyara ne ya kashe su bayan katin ya yi tuntuɓe.

Me ya sa sai ta manhajar tashi? Ba a iya binciken daga cikin Windows?

Ana iyawa, in Windows ɗin ta tashi. Amma tana kwance ne a kan faifan da katin ke riƙe da shi, ka ga ba ka aiki mara lafiya ya kira wa kansa likita ba. Manhajar tashi, wato BIOS a tsoffin injina da UEFI a na yanzu, tana zaune a kan uwar allo, babban allon da komai ke toshe a jikinsa, ba ruwanta da faya-fayai. UEFI tana da wurin buga umarni da ake kira UEFI Shell. Ni zaure nake ce masa: a nan kake ganawa da kati ku yi magana baki da baki kafin a shiga cikin gida.

Ta ina ake shiga zauren?

Hanya biyu ce, kuma duka kana bukatarsu.

Ta farko, ƙofar katin kansa. In sabar tana tashi da tsohon salon BIOS, katin yana nuna sunansa a sikirin ya ba ka ƴan daƙiƙu: Ctrl+R a tsoffin katunan PERC na Dell, Ctrl+H a tsoffin MegaRAID na LSI, Ctrl+C a ƙananan katunan LSI, Ctrl+A a Adaptec, F8 a tsoffin Smart Array na HP. In kuwa da salon UEFI take tashi, waɗannan maɓallan ba su aiki, kada ka ce katin ya mutu don Ctrl+R ta ƙi. A Dell sai ka danna F2 ka shiga Device Settings, a HP daga Gen9 zuwa sama F9.

Ta biyu, zauren. HP daga Gen9 sun zo da nasu a ciki, ƙarƙashin Embedded Applications. In injinka ba shi da shi, ka ɗauki kle ɗin USB, ka goge shi da tsarin FAT32, ka sa fayil ɗin Shell na TianoCore a cikin `EFI\BOOT` da sunan `BOOTX64.EFI`. A nan kuma za ka zuba ƴan manhajojin da ake yi wa kati tambaya da su: `storcli.efi` na katunan MegaRAID, `perccli.efi` na Dell, da `sas2ircu.efi` ko `sas3ircu.efi` na ƙananan katuna. In Secure Boot, saitin da ke hana tashi da manhajar da bai sani ba, a kunne take, kashe ta tukuna, in ba haka ba za ta ƙi kle ɗin. Irin wannan kle a zoben makullin babur ɗina yake. Ka haɗa naka yau da intanet take, kada ka bari sai ranar da sabar ta faɗi kana laluben rezo a tsakar gidan mutane.

Na shiga, amma in na buga map sai ;qp ya fito. Kibod ɗin ne ya lalace?

Lafiyarsa lau. Kibod ɗinmu na nan irin na Faransa ne, AZERTY, shi kuwa zauren na Amurka ya sani, QWERTY. A da Q sun yi musanya, Z da W haka. Harafin m yana kan maɓallin waƙafi. Alamar `/` tana kan maɓallin `!`, alamar `-` tana kan maɓallin `)`, ɗigo yana kan maɓallin `:`, sannan `:` kanta sai ka haɗa Shift da maɓallin M. Lambobi suna fita ba tare da Shift ba, wannan kam sauƙi ne. In za ka iya, nemi tsohon kibod irin wanda ake kawowa daga Kano ka ajiye a jakar aiki. Ƴan jikkuna kaɗan ne, kuma zai raba ka da kuskuren harafi a wurin da kuskure ke da tsada.

To wane umarni zan fara bugawa?

Tambaya huɗu ake yi, a jere, kuma ba a tsallake ɗaya. Uwar allo tana ganin kati? Manhajar kati ta farka? Kati yana ganin faya-fayai? Yana ganin ɗinkin da ya yi musu? Inda aka fara ce maka a'a, nan ciwon yake.

Ta farko `pci -b` ke amsa ta. Wannan `-b` ɗin don rubutu ya riƙa tsayawa shafi-shafi ne. Za ka ga jerin duk abin da ke kan hanyar PCI, hanyar da ke haɗa katuna da uwar allo. Nemi layin da ya ce Mass Storage Controller, a gabansa RAID controller, ko Serial Attached SCSI in ƙaramin kati ne. A ƙarƙashinsa akwai lambar kamfani da lambar kati. Vendor 1000 na LSI ne, kamfanin da Avago ta saya a 2014, wadda ita kuma ta koma amsa sunan Broadcom a 2016. Galibin katunan PERC na Dell LSI ne a ciki, don haka 1000 za ka gani: H710 yana fitowa da Device 005B, H730 da 005D. Vendor 9005 Adaptec ne, 103C na HP.

In kana son ƙarin bayani, layin da lambobi huɗu yake farawa, bar ta farko ka ɗauki ukun da ke binta, misali 02 00 00, ka buga `pci 02 00 00 -i -b`.

In katin bai fito a jerin ba sam, ko ka tambayi gurbinsa ya amsa da FFFF, ma'ana ba kowa a ɗakin. Har yanzu kada ka yanke hukunci. Kashe sabar, zare wayoyin wuta duka biyu, danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita. Cire katin, dubi haƙoran zinariyarsa, hure gurbin, mayar da shi ka danna har ya zauna daram. In akwai wani gurbin, gwada shi can. In a kan ƙaramin allon tsaye yake, wanda ke ɗaga kati daga uwar allo, shi ma a cire a mayar. Abu ɗaya: lokacin ɗari da hazo iska a bushe take ƙayau, tartsatsin da ke tashi daga jikinka in ka taɓa ƙarfe ya isa ya illata kati. Sa igiyar hannu ta kariya, ko aƙalla ka riƙa taɓa ƙarfen jikin sabar kafin ka taɓa kati, kuma ka riƙe shi ta gefe.

Pci ta gan shi, amma ba ya cikin Device Settings, kuma map ba ta nuna faifai.

Ka zo tambaya ta biyu ke nan. Buga `drivers -b`. Nemi sunan direban katin, wato manhajar da UEFI ke magana da shi ta bakinta, zai ɗauke da LSI, Avago, Broadcom, PERC ko Smart Array. Dubi ginshiƙin `#D`, yawan na'urorin da direban ya kama, da `#C`, yawan ƴaƴan da ya fitar, wato faya-fayan da ya miƙa wa UEFI. In direban yana nan amma bai kama komai ba, gwada `connect -r` sannan `map -r`, umarnin da ke jera faya-fayan da zaure ke gani. In babu direban kwata-kwata, koma saitin BIOS ka duba ko an kashe gurbin ko an hana shi loda manhajarsa. Wannan yakan faru bayan ƙaramin batirin uwar allo, CR2032, ya mutu saituna sun rikice, ko bayan wani ya yi ta latse-latse.

Akwai `drvdiag`, wanda ke sa direba ya gwada na'urarsa, amma sai direban da ke da alamar X a ginshiƙin DIAG. Da yawa ba su da ita. In yana da ita, tsaya a kan `-s`, gwaji na yau da kullum.

Storcli ya zubo mini rubutu kamar ruwan Agusta. Ina zan duba?

Fara da `fs0:` don ka shiga kle ɗin, sai `storcli.efi show`. In ya ƙirga kati ɗaya, to katin yana magana, rabin tsoronka ya tafi. Lambarsa 0 ce, shi ya sa sauran umarnin ke farawa da `/c0`.

`storcli.efi /c0/vall show` zai nuna ɗinkin. Optl lafiya. Dgrd an rasa faifai amma ana tafiya da ɗingishi. OfLn ya faɗi.

`storcli.efi /c0/eall/sall show` zai jera faya-fayan ɗaya bayan ɗaya. Onln yana cikin aiki, Rbld ana sake gina shi, UGood lafiyayye ne amma ba ya cikin ɗinki, UBad katin ya yi fushi da shi. In ka ga F a ginshiƙin DG, katin yana ɗaukarsa baƙo, za mu zo kan wannan.

Ƙara `all` a ƙarshe ka ga ƙidayar kurakurai. Media Error Count ciwon jikin faifai ne. Other Error Count galibi ciwon hanya ne: waya, ko allon bayan da faya-fayai ke toshewa a ciki. Bambancin nan ya hana ni jefar da faya-fayai masu lafiya ba sau ɗaya ba.

Sai tarihi: `storcli.efi /c0 show events file=tarihi.txt`. Zai rubuta shi a kle, ka buɗe a wata kwamfutar ka karanta a natse da shayinka. Duk umarnin da ke da `show` tambaya ce kawai, ba ya taɓa komai. Wanda ke da `set`, `delete`, `import`, `add` ko `start init` hannu ne, yana canza abu. Kafin ka miƙa hannu, ɗauki hoton kowane shafi da wayarka.

Faya-fayai huɗu sun ɓace lokaci guda. Ai sai dai kati ko?

Faya-fayai huɗu ba su haɗa baki su mutu rana ɗaya. Wayar SAS guda, irin SFF-8087 ko SFF-8643, hanya huɗu take ɗauka. In na gurbi 0 zuwa 3 ne suka ɓace, ko 4 zuwa 7, wayar ko bakinta zan fara tuhuma. A kashe injin, a musanya wayoyin biyu, da farko gaba ɗaya, sannan ta bakin kati kaɗai, a duba a zaure kawai ba tare da an bar babbar manhaja ta tashi ba. In ɓatan ya bi waya, waya ce. In ya tsaya a baki ɗaya na kati, kati ne. In ya tsaya a gurabe ɗaya, allon baya ne. Bayan gwaji a mayar da kowace inda take.

Amma akwai ɓatan da ke zuwa yana tafiya, shi kuwa zafi ne. Wata shekara aka kira ni wani biro, sun ce kullum bayan azahar sabar take sumewa, da safe ta farfaɗo. Har sun aika Yamai a nemo kati. Na tarar da ita a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano, kilim ya mutu tun watan azumi, an jingina mata fanka. Da na ɗaga murfi, ƙarfen shan zafin da ke kan katin ya yi wani bargo na jar ƙura, na ɓare shi da yatsa ya taso guda kamar ƙanzo. Ɗaya daga ƴan ƙusoshin roba biyu da ke danne ƙarfen ya karye, ƙarfen ya karkace, man da ke ƙarƙashinsa ya bushe ya zama gari. Na goge, na sa sabon mai, na ciro ƙusa daga wani mataccen kati na sa. `storcli.efi /c0 show temperature` ya nuna zafin ya sauka sosai. Katin da aka aiko daga Yamai yana nan a leda.

Yawancin sabobi an yi su ne don iskar da ba ta wuce digiri 35 ba, masana ma 18 zuwa 27 suke so. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa. Kuma kada a bar murfi a buɗe wai don ta sha iska: fankokin ciki suna tura iska ne ta hanyar da murfin ya tsara, in ka cire shi katin ne farkon wanda zai rasa rabonsa.

Ta rubuto Foreign configuration found, ta ce in danna F ko C. Wanne zan danna?

Cire hannunka daga kibod tukuna. A nan ake yin gyaran gangar Abzinawa.

Ma'anar saƙon: katin ya ga faifai ɗauke da bayanin ɗinki wanda bai yi daidai da abin da ya sani ba. F tana cewa karɓi abin da ke kan faifan. C tana shigar da kai saitin kati, inda akwai Import da Clear. Clear tana goge bayanin ɗinkin daga faya-fayan da ake ɗauka baƙi.

Kafin komai, `storcli.efi /c0/fall show`, sannan `storcli.efi /c0/fall import preview`. Na biyun yana nuna maka abin da zai faru in ka karɓa, ba tare da ya aikata ba. Daga nan hali uku ne.

In duk faya-fayan ne suka zama baƙi, misali bayan canza kati ko ɗaukewar wuta, kuma gwajin ya nuna ɗinkin zai dawo cikakke, to karɓa shi ne daidai.

In ɗinkin yana nan yana ɗingishi, faifai ɗaya ne kawai baƙo, to wannan faifan ya fita ne tun tuni, abin da ke kansa tsohon labari ne. Ba karɓarsa ake yi ba. A kwafe bayanai zuwa waje tukuna, sannan a share baƙuncinsa a sake gina shi, ko a sa sabo.

Na uku shi ne mai wuya: RAID 5, faifai biyu a waje, ɗinki ya faɗi. Kusan kullum ba tare suka fita ba. Ɗaya ya fita watanni da suka wuce, fitila mai ruwan goro tana ƙiftawa ba wanda ya kula, na biyu ya bi shi jiya. Wanda ya fita jiya ne ke da bayanan da suka dace da sauran. In ka tilasta wa tsohon ya dawo, ɗinki zai ce Optl ko Dgrd, ka yi murna, amma fayiloli a dagule suke. Fayil ɗin tarihi ne zai gaya maka wa ya riga wa.

Na san wannan ne da jikina. Ina sabon hannu, aka kira ni da daddare, mai biro yana tsaye a bayana yana cewa gobe ake biyan albashi. Faifai biyu a waje. Ban karanta tarihi ba, na dawo da na gurbin sama don shi idona ya fara gani. Windows ta tashi, ta fara gyaran faifai da kanta, sunayen fayiloli suna gudu a sikirin, ni kuwa ina ta jin daɗi ashe yanka take yi. Da safe rabin takardun ba su buɗuwa. Allah ya sa wata ma'aikaciya tana da kwafin makon da ya wuce a faifan hannu. Tun ranar, in bayanai suna da muhimmanci kuma babu kwafi, sai na kwafe kowane faifai kacokan zuwa wani da manhajar `ddrescue` kafin in gwada komai, ko da mai biro zai yi ta safa da marwa har asuba.

Tamu HP ce, lambobi take rubutowa.

Lambobin suna da ma'ana tsayayya. 1783 katin kansa ya gaza. 1784 faifai ya mutu. 1785 ba a ga ɗinki ba, wanda in da akwai shi jiya, waya ko allon baya za ka bincika, kada ka ƙirƙiri sabo. 1786 ana bukatar sake gini. 1792 an tarar da rubutun da ya saura a ƙwaƙwalwar kati kuma an zuba shi a faifai, wato batir ya yi aikinsa.

Wadda ake tsoro ita ce 1779. Tana cewa an dakatar da ɗinki don gudun asara, F1 a ci gaba a bar shi a dakace, F2 a yarda da asarar a sake kunna shi. F1 ba ta ɓata komai, tana ba ka lokacin bincike. F2 ba goge faifai take ba, kuma sau da yawa ita ke dawo da injin bayan ɗaukewar wuta, amma a danna ta bayan an tabbatar duk faya-fayan suna nan kuma suna amsawa.

Malam, ni tawa tana tashi, amma ta yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodi. Yarana sun ce faifai ne.

Hajiya, ki sa su duba batirin kati kafin ki fitar da kuɗin faifai. Katin yana karɓar rubutu ya ajiye a ƙwaƙwalwarsa ya ce an gama, daga baya ya zuba a faifai. Saurinsa ke nan. Batir ne jinginarsa in wuta ta ɗauke, kuma tsoffin katuna, da sabon batir, suna riƙe rubutun har wajen awa 72. In batir ya mutu, katin ya daina wannan bashin, sai ya jira faifai kowane rubutu.

`storcli.efi /c0/bbu show all` zai nuna halin batir, ko `/c0/cv show all` in katin irin na baya ne mai kafasita. A `/c0/vall show` kuma, ginshiƙin Cache: WB a ciki ana sauri, WT an koma jira. Wani lokaci katin yana sauke batir ya sake caji don ya auna shi, a PERC duk kwana 90, nauyin ya zo ya wuce da kansa. In bai wuce ba, ko an ga batirin ya kumbura, a canza. Zafinmu yana cin batiran nan da wuri.

Akwai saitin da ke tilasta sauri ko babu batir, AWB. Wani zai ba ki shawararsa. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, gurup kuma sai an je an tayar, onduler ma batirinsa ya tsufa, ni ban yarda da shi ba.

Ta ce akwai preserved cache, ta ƙi wucewa.

Ɗinki ya ɓace alhali kati yana riƙe da rubutun da bai sauke ba, shi ne ya ƙi saki. `storcli.efi /c0 show preservedcache` zai nuna na wane ɗinki ne. Nemo faya-fayan da suka ɓace, gyara waya, karɓi baƙuncin in ya dace, katin zai zuba ajiyarsa da kansa. Goge ta yana buɗe hanya nan take, amma rubutun ya tafi ke nan, kuma in rumbun bayanai ne irin na lissafin kuɗi, ƙaramin giɓi ya isa ya hana shi buɗuwa.

Komai Optl ne, amma har yanzu No boot device.

To ka sallami kati, ba shi da laifi. `map -r` zai nuna FS0, FS1 da sauransu. Shiga kowanne ka buga `ls EFI`. In ka ga Microsoft ko sunan Linux ɗinka, gidan yana nan, adireshi ne ya ɓace. `bcfg boot dump -v` zai nuna jerin tashi. In babu shi a ciki, `bcfg boot add 0 fs1:\EFI\Microsoft\Boot\bootmgfw.efi "Windows"` zai mayar, in fs1 ne wurin. Ka kuma duba ko saitin ya juye daga UEFI zuwa BIOS ko akasin haka, domin manhajar da aka girka da salo ɗaya ba ta tashi da ɗayan.

An kawo mini tsohuwar Sun, ba F2 ba F9, sai ok kawai take rubutawa.

Ka yi gamo da OpenBoot, manhajar tashi ta injinan SPARC na kamfanin Sun, wanda Oracle ta saya a 2010. An mayar da ita ƙa'ida a 1994 da lambar IEEE 1275. Ba su da yawa a nan, amma akan ci karo da su. Tambayoyi huɗun nan dai su ne, harshe ne ya bambanta.

Fara da `setenv auto-boot? false`, sai `reset-all`. Kada ka tsallake wannan, domin `probe-scsi-all` yana iya sanƙarar da injin in an katse Solaris, babbar manhajar injin, aka faɗo ok ba a sake tayarwa ba. `show-devs` yana nuna ko ana ganin kati, `probe-scsi-all` yana jera faya-fayan da ke bayansa, `devalias` yana ba ka gajerun sunaye. A injinan SPARC irin T3 da T4, `select scsi0` zai shigar da kai cikin katin, `show-children` ya nuna faya-fayai, `show-volumes` ya nuna ɗinki. In an canza uwar allo, ɗinkin yakan fito a kwance, Inactive. `0 activate-volume` ke tayar da shi. Lamba ce ke riga umarni, don harshen Forth haka yake, kaya a gaba, aiki a baya. Ka fita da `unselect-dev`. Duk abin da ya fara da `create` ko `delete`, ka yi nesa da shi. In ka gama ka mayar da `auto-boot?` zuwa `true`, in ba haka ba duk ɗaukewar wuta sai an kira ka.

In sabunta manhajar katin, ko zai warke?

Ba yanzu ba. Ba a yi wa ɗinki mai ɗingishi wannan, kuma ba a yi sai da onduler mai batir na kirki. Wuta ta ɗauke a tsakiya, katin da ke da rai ya zama bulo.

To yaushe zan ce katin ya mutu da gaske, kuma me zan saya?

In ya ƙi fitowa a `pci` a gurbi biyu, sannan wani katin ya fito a gurbin. In ya fito amma ya rubuto F/W is in Fault State, ko 1783 a HP, bayan an zare masa wayoyin faya-fayai da batir, an bar shi ya huce, an sake gwadawa. In yana maimaita Multibit ECC errors, wato ƙwaƙwalwarsa ta lalace. A wasu katunan ana zare ta a canza ita kaɗai, a wasu manne take.

Ka sayi irinsa sak, ko ƙanensa na gida ɗaya da ya fi shi sabunta. PERC ya gaji PERC, Smart Array ya gaji Smart Array. Ba su karanta rubutun juna: MegaRAID da PERC suna bin tsarin DDF, a ƙarshen faifai suke ajiye bayanin ɗinki, HP kuwa nata tsarin daban. Kuma ƙaramin kati marar ƙwaƙwalwa, kamar H310, bai san RAID 6 ba, ba zai karɓi ɗinkin da H710 ya yi da shi ba. In faya-fayan masu kulle kansu ne, sai da kalmar sirrin da aka sa wa tsohon kati, ka nemo ta tun kafin kaya su iso. In an rasa kati gaba ɗaya, Linux da `mdadm` tana iya karanta ɗinkin DDF ta ƙaramin kati marar RAID, a buɗe shi don karatu kawai a kwashe kaya.

Yamai kusan kilomita 900 ce, Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, kuma yawancin abin da za a aiko maka na hannu ne. Ka sa mai sayarwa ya turo hoton takardar da ke manne a jikin kati ka gwada lambar da taka, ka tambaya ko da batir da wayarsa. In ya iso, kada ka haɗa shi da faya-fayan mutane kai tsaye. Sa shi shi kaɗai, duba `pci`, duba `storcli.efi /c0 show`, tabbatar ba ya ɗauke da ajiyar tsohon mai shi. Gwada shi da wasu faya-fayai biyu na banza ya kwana yana aiki. Kafin ka zare na ainihi, rubuta lambar gurbi a jikin kowane faifai da alƙalamin da ba ya gogewa, wayoyin ma ka ɗaura musu salatif, A da B.